Farfelar da Ta Tokare Ɗakin Inna Larai

Da hannunsa Malam Maharazu ya girgiza icen nan har ya fita daga ƙasa. Wannan ya kamata a fara faɗa, domin daga baya ya sha gaya wa kansa cewa shi bai yi komai ba, yayansa ne ya yi.

Icen ba ice ba ne irin na dawa. Farfelar jirgin sama ce ta katako, tsawonta ya ɗara mutum a tsaye, fuka-fukanta biyu a murɗe, da rami a tsakiya. Mahaifinsu, marigayi Malam Nata'ala, ya yi aikin yankan ciyawa a filin jirgin Kano zamanin Turawa, aka cire ta daga wani ƙaramin jirgi aka jefar, ya roƙa aka ba shi, ya kawo ta gida Aujara. Da azarar tsakiyar ɗakin matarsa Larai ta tsage, sai ya kafa farfelar a tsaye ya tokare rufin da ita. Shekara talatin da wani abu ke nan. Shi ya tafi, ita tana nan riƙe da soron, hayaƙin wutar jin ɗumi ya mai da ita baƙa ƙirin.

Inna Larai ta haura tamanin, yanar ido ta rufe mata gani, gwiwa ta ƙi. Duniyarta ta koma taku huɗu: daga gado zuwa icen, daga icen zuwa ƙofa. A ramin tsakiyarsa take ajiye carbi da kwalbar man zafi. In za ta miƙe, shi take kamawa ta ja jikinta, har wurin da tafinta ke sauka ya yi santsi yana ƙyalli. Ba ta taɓa ce masa farfela ba. Icen Malam take cewa.

Babban ɗanta Alhaji Sagiru ma'aikaci ne a Dutse, yana da gida a unguwar Limawa. Da sallah ya ɗauki hoto da ita, wani abokin aikinsa ya hango abin a bayanta, ya ce irin waɗannan tsofaffin farfelu akwai masu nemansu ido rufe, a ƙasashen waje kuɗin wata kan sayi mota. Ya haɗa shi da wani dillalin kayan tarihi na Kano, Alhaji Ashafa. Mako bai zagayo ba sai ga Sagiru a Aujara da motar ɗaukar kaya, ana tsakiyar bazara.

"Inna, arziki ne a ɗakinki kina kwana da shi ba ki sani ba," in ji shi, ya durƙusa a bakin gadonta. "Wannan abin zan kai a gani. Kafin ruwan farko na rushe wannan kangon, na yi miki ɗakin bulo da kwano, har da fanka."

Inna ba ta kiran sunan ɗan fari. Ta juya fuskarta wajen da take jin numfashin ƙaramin.

"Auta, gaya wa mutumin Dutse ni ban ce ina son fanka ba. In aka cire icen Malam me zai riƙe rufin? Ni kuma me zai riƙe ni?"

"Za a sa wani, Inna," Sagiru ya ce. "Ice ai ice ne. Kuma wannan kayan gado ne da ba a raba ba. Ga malami nan a tsaye. Maharazu, ƙarya na yi?"

Maharazu shi ne na'ibin limamin unguwa, shi ke ba magidanta karatu a zaure bayan la'asar. Ya san amsar da ta dace. Amma a hanyar shigowa yayansa ya riga ya raɗa masa maganar sabon babur da kwanon rufin zauren karatu. Ya dubi ƙasa.

"A shari'a haka ne, Inna. Cikin gado yake."

Tsohuwar ta miƙa hannu ta lalubo carbinta da kwalbar man daga ramin, ta sa a cinya.

"To, tunda littafi ya faɗa."

Suka saro reshen dogonyaro ɗanye daga bayan gida, ko ɓawonsa ba a ɓare ba, suka kafa a gefe. Maharazu ya rungumi farfelar ya yi ta girgizawa har ta saki. Ƙasa ta zubo musu a ka. Sagiru ya kakkaɓe hularsa yana dariya, ya ce, "Ka ga? Ko motsi rufin bai yi ba."

Washegari da hantsi Maharazu yana tsakar gida ya ji ƙara. Ya leƙa ya tarar da Inna a durƙushe a ƙasa. Ta miƙa hannu inda ta saba, ta kama iska. Da ta lalubo sandar dogonyaron ta ja, sai sandar ta yi lilo, ta sake ta da sauri. Tun daga ranar ta daina miƙewa ita kaɗai. Da rarrafe take zuwa ƙofa, ko ta zauna ta jira Ikilima matar Maharazu ta gama abin da take yi ta zo ta ɗaga ta. Mace mai tsafta da ba ta taɓa bari wani ya ga butarta ba, yanzu sai ta yi kira sau uku kafin a kai ta bayan gida. Wata rana kiran bai isa ba. Ikilima ta wanke zanin, amma da ta zo shanya sai ta shanya shi daidai ƙofar zaure, inda mijinta zai wuce.

"Malam, sandar nan fa ta bushe ta ja jiki," ta ce masa. "Tsakaninta da azara yatsana biyu na shiga."

Ya samo guntun dutse ya cusa a tsakani.

"Shi ke nan gyaran?"

"Na kwana biyu ne. Yaya ya ce kafin ruwa."

"Yaya ya ce. To, Allah ya sa hadarin ma Yaya yake jira."

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Maharazu ya kira Dutse.

"Alhaji Ashafa ya tafi Umara," in ji Sagiru. "Ka san manyan mutane. Da ya dawo an gama."

Bayan mako biyu ya sake kira.

"Kai, ka san kuɗin siminti yanzu kuwa? Bari abin ya faɗi tukuna. Kuma farfelar tana wajen gyara."

"Gyaran me, Yaya?"

"Kai dai ba ka san harkar birni ba. Abin da ya fi gindin tukunya baƙi zan ajiye a gaban baƙo? Ya ce daga wane irin gida muka fito?"

Rufin ya fara yoyo daga inda azarar ta tsage. Aka jera kwanoni uku a ƙasa, sannan biyar. Aka ja gadon Inna zuwa lungu, yoyon ya bi ta. Tabarma ta yi funfuna, ɗakin ya ɗauki warin danshi, tsohuwa ta kama tari mai tafiya da numfashi. Gara kuma, wadda shekara talatin ba ta kusanci icen da hayaƙi ya dafa ba, ta samu dogonyaro ta hau shi da ginin jar ƙasa har sama.

Ikilima ta ce a mai da Inna ɗakin ita Ikilimar. Inna ta ƙi.

"Nan aka kawo ni, nan Malam ya cika. In na fita, wa zai gaya wa mutumin Dutse ana jiransa? Ɗakin da ba kowa ai ba a gaggawar gyara shi."

Maharazu ya karɓi wannan ƙin nata hannu biyu, ya mai da shi hujja. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Mun yi mun yi ta ƙi fita. Ka san tsofaffi."

A nan ya kamata a tsaya a faɗi gaskiya. Ana sayar da azara a kasuwa. Ragon da Maharazu ya ɗaure a bayan gida yana kiwo zai sayi azara uku har a biya magini. Ya san haka, domin ya taɓa tsayawa wajen masu azara ya taya, sannan ya wuce. Abin da ya gaya wa kansa shi ne, in ya gyara tsohon ɗaki, Yaya zai samu dalilin fasa sabo. Ya kira wannan hangen nesa. A ƙasan zuciyarsa kuwa ya san sunansa na gaskiya: yana jiran a sayar da ice a gyara da kuɗin ice, ragonsa ya tsira.

Har karatun zaure ya shafa. Suna bin wani littafin ladubba babi-babi, da suka iso babin haƙƙin iyaye sai ya haɗa shafi biyu ya juya. Tsoho Ɗan'inna, manomin da bai iya karanta ko harafi ba amma ya shekara ashirin yana sauraro, ya ɗaga kai.

"Allah gafarta Malam, kamar an tsallake wani wuri. Bayan maƙwabci ai iyaye ne, ko maƙwabcin ne bayan iyaye?"

"Za mu dawo masa," in ji Maharazu.

Cikin watan marka Sagiru ya kira da murna, ya ce Alhaji Ashafa zai zo ranar Asabar. Maharazu ya sa babbar rigarsa. Da ya shiga sallama da Inna ya same ta a zaune, ɗigon ruwa na sauka a kwano kusa da ƙafarta.

"Auta, in ka ga icen ka duba min ko suna kula da shi. Kada su jingine shi a rana."

A falon Limawa farfelar na kwance bisa kafet, sai da Maharazu ya sake dubawa kafin ya gane ta. Ja ce wur, tana walƙiya kamar ƙofar sabon kanti. Sagiru na tsaye a kanta yana murmushi.

Alhaji Ashafa dattijo ne siriri mai tabarau. Ya yi sallama, ya sha ruwa, ya dubi abin da ke ƙasa, sannan ya ciro waya ya dubi hoton da aka aiko masa tun farko, ya sake duban ƙasa.

"Ina wadda ke cikin hoton?"

"Ita ce wannan, Alhaji. Gyara ta muka yi. Kafinta na kirki na samu, sati uku yana kanta."

Dattijon ya durƙusa a hankali. Ya shafa gefen fiffiken.

"A nan akwai farin ƙarfe ko tagulla da aka bi baki da shi."

"Ya yi kore, duk ya yi tsatsa. An ɓamɓare."

"Kewaye da ramin nan akwai ƙananan huji takwas na kusoshi."

"An toshe, don ya yi kyan gani."

Ashafa ya ciro ƙaramar fitila ya haska gindin ramin, ya karkata kai, ya daɗe yana nema.

"A nan, a hoton, ƙarƙashin baƙin hayaƙin, na hango alamar lambobi da haruffa da aka buga cikin katakon. Su na zo karantawa."

Sagiru ya daina murmushi. "Wasu 'yan zane-zane ne. Kafinta ya ce sai an kankare kafin fenti ya kama."

Dattijon ya kashe fitilar, ya koma kujera.

"Alhaji, bari in gaya maka yadda sana'ar take. Ni ba katako nake saya ba, katako yana nan cike da kasuwa. Lambobin nan su ne sunan abin. Su ke faɗin wanda ya ƙera, da shekarar, da irin injin da aka ɗaura ta a kai, daga nan a san jirgin. Da su zan rubuta wa masu saye, su duba littattafansu su tabbatar. Falle-fallen katakon da aka manna aka yi ta da su, su ma shaida ne, ga shi fenti ya rufe. Baƙin da ka ji kunyarsa shi ne shekarunta. Yanzu in na ce ta zamanin Turawa ce, sai a ce min kafintan bayan tasha ma zai iya sassaƙa irinta, kuma ba ni da bakin musu."

"To yanzu nawa za ta yi?"

"Mai gidan abinci zai iya saya ya rataya a bango. Ba zai kai abin da ka ba kafinta ba." Ya gyara tabarau. "Amma abu ɗaya ya ba ni mamaki. Irin waɗannan da nake samu a ƙasar nan, gara ta gama da su. Wannan ko hujin gara ɗaya babu. A ina aka ajiye ta?"

Maharazu ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

"A ɗakin mahaifiyarmu. Ita ta tokare rufin."

"Allah ya jiƙanta."

"Tana da rai."

Ashafa ya dube shi ta saman tabarau, ya dubi Sagiru.

"To me ya tokare rufin yanzu?"

Dattijon ya ɗauki hularsa, ya yi musu sallama a taƙaice, ko abincin da aka kawo bai buɗe ba.

Da motarsa ta tashi Sagiru ya fara faɗa. Kafinta jahili ne. Ashafa ɗan damfara ne, so yake ya karya farashi. Akwai wani a Abuja. Maharazu ya bar shi yana yi, ya hau mota ya koma Aujara da niyyar gobe da sassafe zai kwance ragon ya kai kasuwa.

Gobe ta yi, ya ce bari ranar kasuwa ta zo, rago ya fi daraja. Kwana uku ne kawai.

Ranar Talata bayan azahar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke, Ikilima na madafa tana fama da jiƙaƙƙen ice, Inna ta ji kiran la'asar. Ta yi kira sau biyu ba a ji ba. Ta rarrafa, ta kama sandar dogonyaron, ta ja jikinta. Sandar da gara ta mai da ɓawo ta karye a hannunta, azarar ta biyo, jiƙaƙƙiyar ƙasar rufin ta sauko.

Maharazu na alwala a ƙofar gida ya ji rugugin. Da hannu suka tono ta, shi da Ikilima da maƙwabta. Tana numfashi. Ƙashin ƙugunta ya karye. A asibiti a Dutse likita ya ce a shekarunta ba a sa ran ta sake takawa.

Mutanen unguwa suka yi ta zuwa dubiya bayan an dawo da ita. Matar Ɗan'inna, wadda ba ta iya ɓoye magana ba, ta tambaya a gaban kowa, "Wai ni Inna, ina icen nan na Malam? Wa ya cire shi ana fuskantar damina?"

Maharazu na bakin ƙofa. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ni na ce su cire," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa. "Ya tsufa. Yaran nan ba su da laifi, sun yi ta fama in fita na ƙi."

Da ta zage shi a gaban jama'a, da ya fi masa sauƙi.

Ɗakin bulo da kwanon da ya gagara wata huɗu, cikin kwana shida aka gama shi. Siminti bai sauko ba, ba a sayar da farfela ba, Alhaji Ashafa bai dawo ba. Kuɗin suna nan tun farko, a aljihun Sagiru da wuyan ragon Maharazu. Abin da ya sauya kawai shi ne yanzu mutane suna kallo. Har fankar aka sa.

Ranar da aka shigar da ita, Sagiru ya zo da farfelar a mota, ya tsaya a waje ya ce shi ba zai iya shiga da ita ba. Maharazu ya ɗauko ta a kafaɗa, ya jingine a bango kusa da gadon, ya durƙusa.

"Inna, ga icen Malam an dawo da shi."

Ta miƙo hannu. Ya kama ya ɗora mata. Yatsunta suka bi fiffiken sama da ƙasa, suna neman wurin nan mai santsi da tafinta ya sani, amma ko'ina santsi ɗaya ne, mai sanyi. Ta kai hannun hanci ta shinshina.

"Fenti," ta ce.

"Inna, ki yafe min. Ba Yaya kaɗai ba ne. Ni na ce littafi ya faɗa, alhali na san abin da littafin ya faɗa a kanki ya fi wannan yawa. Ni na girgiza shi. Ina da abin sayen azara na ƙi."

"Na sani, Auta. Ina jin kukan ragon kullum ta bayan ɗaki." Ta janye hannunta ta mai da cikin mayafi. "Na yafe tun ina ƙarƙashin ƙasar. Amma ku fitar da shi. Ice ne na mai miƙewa tsaye. Ni me zan yi da shi?"

Ya fitar da shi. Bai kai shi ɗakin ajiya ba, bai mayar wa Sagiru ba. A zauren karatu ya jingine shi, daidai inda duk mai shigowa zai gani ya tambaya. Da la'asar magidanta suka taru, ya buɗe littafin, ya koma baya ya raba shafukan nan biyu da ya haɗa.

"Yau za mu koma babin da na tsallake," ya ce. "Amma kafin in karanta, Baba Ɗan'inna, matarka ta yi tambaya an ba ta amsar da ba ita ba ce. Ni zan ba da ta gaskiya."

Ya faɗa duka, kansa a ƙasa, ba wanda ya ce masa ya isa.

Kada wani ya ɗauka wannan ya gyara wani abu. Inna Larai tana nan kwance ƙarƙashin fanka, ana juya ta safe da yamma kamar jaririya. 'Ya'yanta biyu, ɗaya mai albashi, ɗaya mai karatu, sun ji kunyar baƙo ya ga baƙin hayaƙi a jikin katako, ba su ji kunyar uwarsu ta yi rarrafe cikin ruwa ba. Sun kira masani tun daga Kano ya gaya musu darajar icen, alhali wadda ta san darajarsa tana cikin gidan, ta kuma faɗa musu tun ranar farko, a tambaya biyu, ba ta nemi ko sisi ba.

Irin gidan nan ba ɗaya ba ne. Kowa ya shiga ɗakin tsohuwarsa ya duba abin da take kamawa in za ta miƙe, ya bar mata shi.